Amanar kifaye da bidon ɗin ƙarƙashin tebur

Wasu shekaru can baya, tun furfura ba ta gama cinye mini gemu ba, abokina ya bar mini amanar da ban taɓa jin an bar wa kowa irinta a Dakoro ba. A garin nan ana barin amanar raƙumi, ana barin ta tumaki, ana barin ta mabuɗin rumbu. Ni kifi aka bar mini, cikin akwatin gilashi, a tsakiyar bazara.

Abokin nawa ma'aikacin lafiyar dabbobi ne. Tun muna kwalej muke tare. Ni na zama malamin kimiyya, shi ya zama mai yi wa shanu allura. Ina ce masa likitan jakai, yana ce mini Mushe, wato "monsieur" da ɗalibai ke kiran malami, kuma babu wanda ya taɓa yin fushi. Mutum ne mai wuni cikin garke da rana, in ya dawo gida ba ya son ganin komai sai ruwa da kore. Shi ya sa ya haɗa akwatin nan, ya shimfiɗa yashi a ƙasansa, ya shuka ciyayin ruwa da ya samo daga Maradi, ya zuba ƙananan kifaye masu wutsiya kamar gyalen 'yan mata. Masu kawo masa dabba kan tsaya su kalla, su tambayi yaushe za su girma a ci.

Ciwon ciki ya daɗe yana ɓoyewa, har ya kai inda ba ya ɓoyuwa. Aka ce sai an yi masa aiki a Maradi. Matarsa za ta bi shi, gidan zai zama a kulle. Aka rage ruwan akwatin, aka ɗora shi a amalanke, muka bi shi a ƙafa kamar masu rakiyar amarya har cikin salona, ɗakin da nake saukar baƙi.

A nan ya nuna mini abin da zai hana ni sukuni.

"Mushe, kai ke koya ma ɗiyan mutane cewa ganye na cin iskar gaz karbonik. To ga inda zancen ya sauko daga allo."

Ƙarƙashin tebur ya ajiye wani bidon, jarkar roba mai murfi. A ciki akwai ruwa da sukari da garin nan da masu burodi ke sa wa kwaɓi ya tashi. Garin yana cin sukari, yana fitar da iskar. Daga murfin bidon ɗin tiyo ya fito, irin na ƙarin ruwa a asibiti, dogo, har da 'yar kwalbar nan tasa da ake ganin ɗigo a ciki. Ya sa ruwa kaɗan a cikinta, iskar na ratsawa kumfa-kumfa, mutum ya gani da idonsa. Ƙarshen tiyon yana ƙasan akwatin, an cusa masa guntun asuwaki, iskar na fita ta ramukan itacen tana watsuwa kamar hayaƙi.

"Kumfa guda ga numfashi guda," ya ce, "numfashin wanda ya ƙoshi ya kishingiɗa. In ta yi kaɗan, ganye ya lalace, baƙar gansakuka ta hau shi. In ta yi yawa, kifayen su shaƙe. Kuma kome ya faru kak ka toshe tiyon. Bidon na fashewa."

Na ce masa na karanta wannan duka tun yana koyon bambanta akuya da tunkiya.

Ya daɗe yana kallon ruwan, hannunsa dafe da cikinsa. "Ka riƙe mini su har in komo. In ko ban komo ba, to ka ci gado mafi wahala a Dakoro."

Wasa ya yi. Amma daga ni har shi babu wanda ya yi dariya.

A lokacin matata ta tafi wankan jego gidansu a Adjekoria, mahaifiyata ta zo daga Korahane ta zauna da ni. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita ta mutanen da ce sosai. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa bango ko akuya, ni kuma in ji. Da ta ga akwatin ta ce wa ƙofa, "Ikon Allah, an yi ma kifi ɗaki." Na gaya mata kar a taɓa komai a wajen, musamman bidon. Ta ce to.

Kwanakin farko komai lafiya. Kumfa na tashi a natse, ganye na fitar da 'yan ƙwayoyin iska masu sheƙi, ni kuma ina jin kaina masani. Da sukarin ya ƙare na sake haɗi kamar yadda aka koya mini, na kai tsohon ruwan na zubar a makwarara. Wari ne da shi mai tsami, mai hawa kai. Mahaifiyata na gefe tana wanke ƙwarya. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ban kawo komai a raina ba.

Ba a daɗe ba, wata rana na dawo daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, da tsakar rana na tarar da kifayen duka a saman ruwa, suna buɗe baki suna rufewa. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Kifi ba ya kuka, ba ya shure-shure. Bakin kawai yake buɗewa, idon nan da ba ya ƙiftawa yana kallonka. Na duƙa na duba kwalbar. Kumfa na gudu kamar tasbaha a hannun mai sauri. Na zare tiyon daga ruwa, na riƙa ɗebo ruwan akwatin da kofi ina kwararo shi daga sama don iska mai kyau ta shiga, har suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, kafin la'asar kumfar ta yi sanyi har ta kusa tsayawa. Na zauna ina numfashi, ina jira, ita ko sai ta ga dama. Har ruwan akwatin ya fara bin tiyon yana komawa baya.

Washegari haka. Jibi haka.

Na shiga bincike irin na wanda ya yi makaranta. Na shafa ruwan sabulu a bakin murfi da duk wata mahaɗa ko zan ga inda iska ke zurarewa, babu. Na ce asuwakin ne ya toshe yake saki a lokaci guda, na yanko sabo. Na zargi garin burodin, na sayo wani a wani shago. Na zargi ruwan famfo, na sa aka kawo mini na rijiya. Na rage sukari, na ƙara sukari. Na zargi kuran, wato wutar lantarki da ake ɗaukewa, duk da bidon ba ya cin wuta, don dai in samu wanda zan zarga. Zafi ma na tuna da shi, don na san garin burodi na haukacewa in ya ji ɗumi. Amma bidon na ƙarƙashin tebur, a inuwa, a kan siminti mai sanyi. A nan nake barinsa da safe, a nan nake tarar da shi da rana. Na taɓa jin jikinsa da ɗumi, na ce ai bazara ce, har ƙofa ma da ɗumi take.

Na yi tunanin cire tiyon gaba ɗaya in huta. Na gwada na 'yan kwanaki. Ganyen ya fara yin rawaya, baƙar gansakuka ta fito a gefensa tsiri-tsiri kamar gemun bunsuru. Abokina ya fi shekara yana renon ciyayin nan. Na mai da tiyon.

Kullum da marece yakan kira ni a telefon. Muryarsa na raguwa kwana bayan kwana.

"Mushe, ya mutanena?"

"Suna nan."

"Kumfa fa?"

"Tana fita."

"An sa mini irin tiyonmu a hannu," ya ce wata rana. "Ina kwance ina kallon ɗigo. Nawa sauka yake, naka hawa. Ka ga aiki guda muke."

Ban iya gaya masa ba. Mutumin da za a yanka cikinsa ba a ƙara masa da labarin gansakuka.

Daga ranar nan kuma na kasa kallon kwalbar ba tare da na ga hannunsa ba. Ni ne fa mai tsayawa gaban yara ina yi wa camfi dariya, ina ce musu kukan mujiya ba ya kashe kowa. Sai ga ni in kumfa ta yi gudu gabana ya faɗi, in ce zuciyarsa ce. In ta tsaya in ɗauko telefon in duba ko an kira. Na san babu igiyar da ta haɗa bidon ɗin sukari a Dakoro da gadon asibiti a Maradi. Sanin nan bai taɓa rage mini ko kaɗan ba. Ina cikin darasi sai in ga bakunan nan suna buɗewa a saman allo.

Ranar da aka shiga da shi aiki, na dawo da rana na tarar da guda ta mutu. Babba ce, mai jan wutsiya, wadda yake ce wa uwar garke. Tana kwance a gefe, ruwa na juya ta a hankali. Sauran na sama suna haki. Na yi abin da na saba yi da kofi, na tsame ta da cokali, na kira lambarsa. Ba a ɗauka ba. Na kira matarsa, a kashe. Na sake kira. Na zauna a ƙasa da mataccen kifi a cikin cokali, ban san inda zan ajiye shi ba.

Mahaifiyata ta leƙo, ta ce wa labule, "Abinci na hucewa."

Na ce ba na jin yunwa.

Ta ɗan tsaya. "Duk wanda ya sa kanshi ga abin da bai kamata ba, abinci ka fara fita ranshi." Ta saki labulen. Na ɗauka kifi take nufi, na ji haushi.

Sai bayan magariba matarsa ta kira. An fito da shi, bai farfaɗo ba tukuna, an ce a yi ta addu'a. Na ce Allah ya tashe shi. Na kalli akwatin na ƙudura cewa ko da zan bar aikin lakwal, ba za a sake tsame ko guda ba.

A wannan zaman ne wani abu ya faɗo mini. Ranar Lahadi da ina gida, kumfar ba ta taɓa yin hauka ba. Na ɗauka sa'a ce. Na sake tunani, ranar kasuwa ma, da mahaifiyata ke fita tun da hantsi ganin 'yan Korahane da suka zo cin kasuwa, na dawo na tarar da kifayen lafiya. Garin burodi bai san Lahadi ba, bai san ranar kasuwa ba. Mutum ne ya san su.

Washegari da aka kaɗa ƙararrawar shan iska na roƙi direkta, na hau babur na koma gida. Tun daga zaure na ga takalman mata a ƙofar salo. Maƙwabta ne, tsofaffi, sun saba zuwa gaida ita da hantsi in na fita, su zauna ƙarƙashin fanka su kalli kifi. Na yi sallama na shiga. Idona ya tafi ƙarƙashin tebur. Babu bidon. Na bi tiyon da ido: ya tashi daga akwatin, ya bi bango, ya shige bayan labulen taga.

Na ɗaga labulen. Ga shi nan a dakalin taga ta waje, ta bayan gida inda ba mai wucewa, rana ta buɗe a kansa. Ya kumbura kamar cikin jakin da ya sha ruwa. Na taɓa shi, zafi kamar butar shayi.

"Malam ya dawo da wuri," wata tsohuwa ta ce. "Kifayenka na da ladabi, duk sun taso sama suna gaishe mu."

Na ce haka suke. Na zare tiyon daga ruwa, na ɗauki kofi. Suka yi ta kallona ina kwarara ruwa daga sama, wata ta ce ashe har wanka ake musu. Mahaifiyata na zaune a gefe. Kanta na ƙasa, tana murza bakin zanenta.

Da suka tafi na shigo da bidon, na durƙusa daga gefe kamar yadda na saba.

"Inna, ke ke fitar da shi?"

Ta juya fuskarta wajen bango.

"Ubanshi bai sha ba. Kakanshi bai sha ba. Ni ban zo garin mutane in zauna mata na shaƙar wanga wari a ɗakin ɗana ba. In sun tahi in maishe shi inda na gane shi. Ban ce ma kowa ba. Ban ce ma Allah ba ma sai cikin dare."

Sai a lokacin na tuna da makwarara da ƙwaryar da ta tsaya a hannunta. Tun ranar nan take ɗauke da zargin cewa giya nake haɗawa. Ta ga ɗanta ya haɗa sukari a ɓoye ƙarƙashin tebur, ya hana a taɓa, ya daina cin abinci, idonsa ya yi ja, yana zama a ƙasa yana kallon kwalba. Wace uwa ce ba za ta kai inda ta kai ba? Da ƙanena ne, da tun ranar ta kama kunnensa ta tambaye shi. Ni ɗan fari ne, ba a tambayata. Ana rufa mini asiri ne kawai. Gida guda muke, kowa da tsoronsa, kuma nata ne ke ciyar da nawa kullum da hantsi.

Na yi mata bayani a hankali, ban sa ko kalma guda ta faransanci ba, abin da ban taɓa iyawa a aji ba. Ta saurara har na gama.

"To giya ce ko ba giya ba ce?" ta tambayi bango.

Na so in ce a'a kai tsaye, amma malamin kimiyya ne ni. "In ya daɗe yakan zama wani abu mai kama da ita. Zubarwa ake yi. Iskar kawai ake so."

"Kifin ka sha?"

"Ganyen ke sha, Inna. Iskar."

"Ganye." Ta kalli bidon. "Shi likitan, da hankalinshi ya haɗa wanga abu?"

Na ce da hankalinsa, kuma yana kwance bai farfaɗo ba, kuma wadda ta mutu jiya tasa ce. Ta sa hannu ta rufe bakinta. Ta ce, "Ni na kashe mai dabba yana kwance." Na ce rana ce ta kashe ta. Ba ta yarda ba, amma ta bar zancen.

Ban ce ta gamsu da bidon ɗin ba. Har ta koma Korahane ba ta so shi ba. Da la'asar na ga ta samo tsohon buhun algarara da basilla, ta ɗinke shi tsaf a jiki kamar yadda ake yi wa bidon ɗin ruwan sha, ta tura shi can ƙuryar tebur. Ta gaya wa ƙofa cewa yanzu duk wadda ta gani za ta ce ruwa ne, kuma in wata ta nemi sha ita ta san abin da za ta ce. Bidon mai riga kuwa a wurin mahaifiyata ba a barinsa a bushe. Kullum da safe da rana sai ta yayyafa masa ruwa, ba don ta yi niyyar komai ba, hannunta ne ya saba. Don kunya ta yi, amma buhun nan mai laima ya riƙe shi da sanyi guda daga safe har dare. Kumfar ta zauna daidai, fiye ma da yadda take a gidan mai ita. Na sare ganyen da gansakuka ta ci, sababbi suka fito.

Abokina ya farfaɗo kwana biyu bayan maganar nan da muka yi da mahaifiyata. Kada wani ya rubuto mini cewa kifin ne ya fanshe shi. Likitoci ne suka yi aikinsu, Allah ya sa da sauran kwana. Na san wannan. Na kuma san cewa sai da na ji muryarsa sannan na iya cin tuwo.

Ya dawo gab da faɗuwar damina, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Bai wuce gida ba, nan ya fara sauka. Ya duƙa da ƙyar gaban akwatin yana bin su da ido. Ban jira ya tambaya ba.

"Uwar garke ta tafi. Ranar da aka yi maka aiki."

Ya gyaɗa kai. "Ta tsufa dama." Sannan ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Mushe, wa ya yi ma bidona riga?"

Na ba shi labarin duka. Ya so ya yi dariya, ɗinkin cikinsa ya hana shi, ya riƙe tebur hawaye na zuba. Mahaifiyata ta shigo da fura ta ajiye a gabansa. Shi ba ɗanta ba ne, don haka ta dube shi ido da ido.

"Likita, sannu da jiki. Ka yafe mini dabbarka. In ka ji sauƙi kuma ka kwashe giyarka daga ɗakin ɗana."

Ya kwashe, da rigar da komai. Har yau a cikin buhu yake ajiye shi.

Yanzu in wani ya ce mini kumfarsa ba ta zama daidai, nakan ce ya duba murfi, ya duba tiyo, ya duba zafin wurin. Sannan in tambaye shi wa ke gida in ya fita, kuma me aka gaya wa mutumin. Ni na ce wa mahaifiyata kar a taɓa, ban ce mata mene ne ba, don na ga zancen ya fi ƙarfinta. Na bincika sabulu da asuwaki da ruwan rijiya, ban bincika fuskar da ke juya mini baya a tsakar gida ba, alhali na fi kowa sanin cewa ba za ta taɓa tambayata ba.

Ta rasu tun tuni, Allah ya jiƙanta. Tsoron kifin ya wuce, har ina ba da labarinsa ana dariya. Abin da bai wuce ba shi ne in na tuna tsohuwar nan kullum da hantsi, tana jin sallamar maƙwabta a zaure, tana kinkimar bidon mai nauyi zuwa taga da sauri, don kar a ji warin ɗanta.